Mai Sayar Da Madara Da Ya Zama Babban Minista Na Farko A Tsibirin Man

Idan mai karatu ya buɗe taswirar Turai ya dubi tekun da ya raba Ingila da Ayalan, zai ga wani ɗan ɗigo a tsakiya wanda in ba a lura ba sai a ce tawada ce ta ɗiga. To, wannan ɗigo shi ne Tsibirin Man. Tsawonsa mil 33 ne, faɗinsa kuwa mil 13 a inda ya fi faɗi, kuma ƙidayar 2021 ta sami mutum 84,069 a cikinsa. Amma duk da ƙanƙantarsa yana da majalisarsa, da dokokinsa, da kotunansa, da takardun kuɗinsa, har da harshensa. Ba ya cikin ƙasar Birtaniya, ba shi kuma da wakili a majalisar London. Sarkin Ingila ne ubangidansa, London ce kuma ke riƙe masa da sha'anin tsaro da hulɗa da ƙasashen waje. Mafi yawan waɗanda suka taɓa jin sunansa sun ji shi ne ta wajen tseren babura da ake yi a kan titunansa tun 1907, ko ta wajen kyanwarsa marar wutsiya.

Filin wannan mako ya leƙa can ne domin tarihin Sir Miles Walker, mutumin da ya fara riƙe muƙamin Babban Ministan tsibirin, daga 1986 zuwa 1996. Ba jarumin yaƙi ba ne, ba a kuma san shi da zafin baki a dandalin siyasa ba. Manomi ne mai sana'ar madara. Sai dai a hannunsa ne mulkin tsibirin ya tashi daga inda ba a san wanda za a kama da laifi ba, ya koma inda akwai mutum guda da za a iya nuna wa yatsa. Abin da tsibirin ya samu da wannan canji, da abin da ya biya, su ne labarin.

An haifi Miles Rawstron Walker ran 13 ga Nuwamba 1940. Ya yi karatu a makarantar sakandare ta Castle Rushen da ke kudancin tsibirin, sa'an nan ya haye Ingila ya shiga kwalejin aikin gona a Shropshire. Da ya dawo gida sai ya kama noma da cinikin madara. A 1970 ya shiga hukumar gundumar Arbory, irin ƙaramar hukumar nan mai kula da shara da fitilun titi da gidajen haya na talakawa, ya yi shekara shida a ciki. A 1976 mutanen mazaɓar Rushen suka zaɓe shi zuwa majalisar wakilai, ba a ƙarƙashin tutar kowace jam'iyya ba. Wannan ba abin mamaki ba ne a can, domin galibin 'yan majalisar tsibirin 'yan ba-ruwanmu ne, kowa da sunansa da na gidansu yake neman ƙuri'a. A mazaɓa irin Rushen, inda garuruwan kamun kifi na Port Erin da Port St Mary suke, mai neman ƙuri'a ya san mai jefa ta, ya san ubansa, wataƙila ma ya san bashin da ake binsa.

Ba za a gane aikin Walker ba sai an koma baya an ga yadda ake mulkin tsibirin kafin zuwansa. Majalisar ƙasar, wadda ake kira Tynwald, gado ce daga Turawan arewa masu yawon yaƙi a jiragen ruwa, waɗanda suka mallaki tsibirin har zuwa 1266. Mutanen Man suna tinƙaho da cewa babu majalisar da ta kai tasu daɗewa tana zama ba yankewa, har suka yi mata bikin cika shekara dubu a 1979. Tana da ɗakuna biyu. Na ƙasa shi ne na wakilan da jama'a ke zaɓa, wanda Turawa ke kira Keys, amma a harshen tsibirin sunansa Ashirin da Huɗu, domin yawan kujerunsa ke nan. Na sama ƙarami ne, wakilan ƙasa ne ke zaɓen mafi yawan mutanensa, kuma babban limamin cocin tsibirin yana da kujera a ciki. Ran 5 ga Yuli na kowace shekara dukansu sukan fita fili a ƙauyen St John's, su hau wani tudu mai hawa huɗu, a karanta wa jama'a sababbin dokoki da Ingilishi da harshen Man. Dokar da aka yi wata 18 ba a shelanta ta a kan tudun nan ba, ta mutu. A ranar kuma duk mai kuka yana da ikon ya tako ya miƙa takardar kokensa.

Abin gwanin ban sha'awa, amma ado ne ya fi yawa. Tun 1765, sa'ad da gwamnatin Ingila ta gaji da fasa-ƙwaurin da ake yi ta tsibirin ta sayi sarautarsa daga gidan Atholl a kan fam 70,000, ainihin iko yana hannun Gwamnan da London ke aikowa. An fara zaɓen wakilai a 1867, an kuma ba mata masu dukiya ikon jefa ƙuri'a a 1881, tun Ingila ba ta yi mafarkin haka ba. Amma jakar kuɗi da 'yan sanda suna wajen Gwamna, shi ne kuma ke shugabantar zaman majalisa. Wanda ya san yadda Razdan yake da majalisar En'e a zamanin Turawa ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba. Kamar ma don a tabbatar da kamannin, sau da yawa tsofaffin ma'aikatan mulkin mallaka ake turawa. Sir Peter Stallard, wanda ya yi Gwamnan tsibirin daga 1966 zuwa 1974, a Nijeriya ya fara aiki tun 1937, shi ne kuma Sakataren Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1958 zuwa 1961. Wanda ya gaje shi, Sir John Paul, tsohon Gwamnan Gambiya ne. Watau dai ƙasashen Afirka sun sallami gwamnoninsu, sai ga wasu daga cikinsu suna mulkin Turawa 'yan'uwansu a wani tsibiri da ake hango Ingila daga kan duwatsunsa.

Ƙwace iko daga hannun Gwamna ya ɗauki shekaru, kuma ba aikin Walker ba ne. Wanda ya fi kowa suna a wannan fage shi ne Sir Charles Kerruish, shi ma manomi, wanda ya shiga majalisa a 1946 ya kuma yi Kakakinta daga 1962 har 1990. A 1958 London ta saki sha'anin kuɗin tsibirin. Daga nan aka riƙa zare ikon Gwamna zare-zare, har a 1980 ya bar kujerar shugabancin Majalisar Zartarwa. A tsakanin nan ne, a 1967, aka yi wata rigima da ta zauna a zukatan 'yan siyasar tsibirin. Wani gidan rediyo mai zaman kansa, Radio Caroline, yana watsa kiɗa daga jirgin ruwa da ya yi anga kusa da garin Ramsey, mutanen tsibirin kuwa suna sonsa domin yana tallata su ga masu yawon hutu. London ta yi dokar hana irin waɗannan gidajen rediyo ta nemi tsibirin ya yi tasa, wakilai suka ƙi. Sai London ta ɗora musu tata dokar da umurnin majalisar Sarauniya, ba tare da yardarsu ba. Aka yi ta kumfar baki, amma doka ta zauna. Kowa ya ga iyakar igiyar da aka ɗaure akuyar da ita.

To, ikon da aka karɓe daga Gwamna ina ya tafi? Nan ne gizo ke saƙar. Bai tafi hannun mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya ba. An rarraba shi ne ga hukumomi fiye da ashirin, ta ilmi dabam, ta tashoshin jiragen ruwa dabam, ta hanyoyi, ta gandun daji, ta lafiya, kowacce da shugabanta da 'yan majalisar da ke zama a cikinta. Akwai mai riƙe da sunan Shugaban Majalisar Zartarwa, amma ba shi ya naɗa shugabannin hukumomin ba, ba ya kuma iya tuɓe su. Masu son wannan tsari suna cewa ya sa kowane ɗan majalisa yana da hannu a mulki, kuma gaskiyarsu ne. Sai dai inda kowa ke da hannu a tuwo, in ya yi gudaji ba a san mai tuƙi ba.

Ranar da za a nemi mai tuƙin ta zo a 1982. Tsibirin ya daɗe yana rayuwa a kan baƙi masu zuwa hutu daga garuruwan masaƙu na arewacin Ingila. A 1913 kaɗai sun haura 600,000. Da jirgin sama ya yi araha sai Turawan Ingila suka gwammace rana da ɗumin Sifen a kan iskar tekun Ayalan, masaukan baƙi na Douglas, babban birnin tsibirin, suka fara zama kufai. Gobarar gidan wasa na Summerland a 1973, wadda ta ci rai 50, ta ƙara dagula al'amarin. Ma'adinai sun ƙare tun tuni, kamun kifi ya ja baya. Dabarar da hukuma ta kama tun 1961 ita ce rage haraji domin jawo masu kuɗi da bankuna, a lokacin da harajin Ingila ke hawa har ya kai kashi 83 cikin ɗari a kan babban albashi. Kuɗi kuwa suka zo, amma babu wani tsayayyen mai sa ido a kansu. A watan Yuni na 1982 wani banki na Douglas mai suna Savings and Investment Bank ya rushe da ajiyar mutane ta wajen fam miliyan 42. Da yawa daga cikin masu ajiyar ba attajirai ba ne, tsofaffi ne da suka zuba abin da suka tara a rayuwarsu domin sun ga banki ne mai lasisin gwamnati. Babu wani asusun da zai biya su. Sunan tsibirin ya ɓaci a jaridun London, aka riƙa kwatanta shi da maɓoyar 'yan damfara. A 1983 aka kafa hukumar sa ido a kan bankuna, amma ɓarna ta riga ta auku. Ƙidayar 1981 ta sami mutum 64,679. Ta 1986 ta sami 64,282. Samari suna hayewa Ingila neman aiki.

A cikin wannan hali ne aka yi zaɓen 1986, Tynwald kuma ta ɗora Walker a sabuwar kujerar Babban Minista a watan Disamba, yana da shekara 46, ya kuma yi shekara goma kacal a majalisa. Aikinsa na farko shi ne rushe tsofaffin hukumomin nan a narkar da su cikin ma'aikatu 9, kowacce da minista guda mai amsa tambaya a kanta: baitulmali, harkokin cikin gida, masana'antu, aikin gona da kamun kifi, lafiya da jin daɗin jama'a, ilmi, hanyoyi da tashoshi, ƙananan hukumomi, da yawon buɗe ido. Babban Minista ne ke zaɓen ministocin, kuma abin da suka yanke a ɗaki dole kowannensu ya kare shi a waje ko ya ajiye aiki. A 1990 aka sauya wa Majalisar Zartarwa suna ta koma Majalisar Ministoci, a shekarar kuma Gwamna ya sauka daga shugabancin zaman Tynwald, aka ba Kerruish kujerar. Gwamnatin ta kuma shiga al'adar fitar da takardar manufa, wadda ta farkonta ta yi alkawarin gina al'umma mai wadata, mai kuma kula da marasa ƙarfinta.

Wanda bai san siyasar ƙaramin wuri ba zai ɗauka wannan aikin ofis ne kawai. Ba haka ba ne. Kowace hukuma da aka rushe, an raba wani dattijo da kujerar shugabanci ke nan, dattijon nan kuwa yana nan zaune a majalisa da ƙuri'arsa a hannu. Walker ba shi da jam'iyyar da zai ce ta bi umurni. Duk dokar da yake so, sai ya bi mutane ɗaya-ɗaya ya lallashe su, kuma waɗanda ya hana minista yau su ne zai nema gobe. A nan halinsa ya yi masa rana. An san shi da sanyin hali da saurare, ba mai son a yi ta ta ƙare ba ne, kuma wanda ya yi shekaru yana cinikin madara da maƙwabta ya san cewa abokin ciniki da aka ɓata wa rai da safe, da shi za a haɗu a coci ran Lahadi. Ma'ajinsa na farko shi ne David Cannan. Daga 1989 Donald Gelling ya karɓi baitulmali ya riƙe har ƙarshen mulkin.

Ba kowa ya yi na'am da sabon tsarin ba, kuma sukar da aka yi masa tana da tushe. A majalisar da duka-duka masu ƙuri'arta ba su wuce talatin da 'yan kai ba, in aka ware mutum goma na Majalisar Ministoci, aka ƙara da 'yan majalisar da aka ba ƙananan muƙamai a cikin ma'aikatu, sai a tarar gwamnati ta kusa cinye majalisar tun ba a fara muhawara ba. Wa ya rage ya yi mata tambaya? Bayan zaɓen 1991, wanda Walker ya sake samun kujerarsa a bayansa, wasu 'yan majalisa suka haɗa wata ƙungiya ta masu neman wata manufa dabam domin su zama kamar 'yan hamayya, cikin manyansu har da Dokta Edgar Mann, wanda shi ne Shugaban Majalisar Zartarwa na ƙarshe kafin a ƙirƙiro kujerar Babban Minista. Ba su kayar da shi ba, amma ƙorafin nasu bai mutu ba, an ci gaba da maimaita shi a zamanin waɗanda suka biyo baya.

Gyaran sunan tsibirin a idon masu kuɗi shi ne ya fi cin lokacin gwamnatin. Fatalwar bankin 1982 ta bi Walker shekara da shekaru. Shari'ar da aka shigar a kan waɗanda ake tuhuma ta wargaje a 1990 saboda tsawon jinkirin da aka yi kafin a kawo ta, abin da ya zama abin kunya na biyu a kan na farko. Rahoton masu bincike, wanda aka daɗe ana ɓoyonsa, bai fito fili ba sai 1992, ya kuma nuna irin sakacin masu sa ido na wancan lokaci. Daga bisani gwamnati ta ba masu ajiya wani abu daga cikin asararsu, tana cewa kyautatawa ce, ba biyan bashi ba. Ga wanda ya rasa guzurin tsufansa ya yi shekara goma yana jira, wannan magana ba mai daɗin ji ba ce, wasu ma sun mutu ba su ga ko kwabo ba. Abin da za a yaba wa gwamnatin shi ne ta hana a maimaita. A farkon 1991 ta kafa asusun kare masu ajiya, wanda zai biya kashi 75 cikin ɗari na fam 20,000 na farko in banki ya faɗi. Ba a yi wata shida ba sai bankin BCCI, wanda ya yi rassa a ƙasashe da yawa har da Nijeriya, ya rushe a watan Yuli, reshensa na tsibirin ya tafi da shi. Wannan karon akwai inda masu ajiya za su kai kuka.

Kuɗi suka dawo, suka kuma ninka. Bankuna, da kamfanonin inshora, da masu rajistar jiragen ruwa, da lauyoyi da akantocin da ke yi musu hidima suka cika Douglas. Babu harajin gado a tsibirin, babu na ribar sayar da kadara, harajin samu kuwa a lokacin bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba. Ƙidayar 1991 ta sami mutum 69,788, ta 1996 ta sami 71,714. Samarin da a da ke hayewa Liverpool suka sami aiki a gida, baitulmali ya fara tara rara, aka sami abin gyara asibiti da makarantu. A 1995 gwamnatin ta fara zuba kuɗi domin jawo masu shirya fim. Duk wanda zai auna Walker da ma'aunin da ya ɗora wa kansa, watau wadata, dole ya ce ya cika alkawari.

Amma fa wadatar ta zo da baƙi, baƙin kuma suka zo da tsadar gidaje. Ƙidayar 1991 ta nuna cewa waɗanda aka haifa a tsibirin sun koma ƙasa da rabin mazaunansa. Ɗan ƙasa mai aikin gona ko kamun kifi ya ga filin da kakansa ya noma an yanka shi an gina wa ma'aikatan banki gidajen da shi ba zai iya saye ba. Masu kishin tsibirin, waɗanda ƙungiyarsu ta Mec Vannin ta kafu tun 1962, suka ce ana sayar da ƙasar ne da mutanenta. Wajen ƙarshen shekarun 1980 abin ya wuce magana: aka riƙa rubuta zagin kamfanonin kuɗi a bangaye da tituna, aka kuma sa wa wasu gidajen da ake ginawa wuta. A 1988 aka ɗaure samari uku a kan haka, ɗaya daga cikinsu sunansa Phil Gawne. Mai karatu ya riƙe wannan suna.

Akwai kuma wata tambaya da ba a cika son ta a Douglas ba. Kuɗin da ke kwana a tsibirin domin gudun haraji, daga wata ƙasa suka fito, kuma asibitin wata ƙasa ne ya rasa su. Gwamnatin Walker ta tsaya a kan cewa ita mai tsabtace kasuwa ce, ta kori 'yan damfara ta bar masu halal. Ta yi ƙoƙari a wannan, ba a musu. Amma tsabtace rumfa dabam, abin da ake sayarwa a cikinta dabam.

Jarrabawar da ta fi kowacce zafi ba ta kuɗi ba ce, ta dokokin hukunci ce. Mutanen Man masu riƙon al'ada ne da addini, kuma sun daɗe suna alfahari da cewa kotunansu na yi wa matasa masu ta da fitina bulala da tsumagiya, shi ya sa garinsu ke lafiya. A 1972 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 15 daga Castletown bulala uku, maganar ta kai Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg, wadda ta yanke a 1978 cewa hukuncin wulaƙanci ne. Mutum 31,000 daga cikin masu ƙuri'a wajen 45,000 suka sa hannu a takardar neman a bar musu tsumagiyarsu. An daina bugun tun 1976, amma dokar tana nan a littafi, ba mai ƙarfin halin goge ta. Haka ma hukuncin kisa: rabon da a rataye mutum a tsibirin tun 1872, amma alƙalai suna ci gaba da yanke shi, London tana mayar da shi ɗaurin rai da rai. Hukuncin kisa na ƙarshe da wata kotu ta yanke a dukan tsibiran Birtaniya, a Man aka yanke shi, a 1992. Ga kuma dokar da ta haramta tarayyar namiji da namiji, wadda Ingila ta sassauta tun 1967 amma tsibirin ya riƙe tasa, alhali kotun Strasbourg ta riga ta yanke hukunci a kan irinta a Ayalan ta Arewa.

Matsalar ita ce Birtaniya ce ta sa hannu a yarjejeniyar Turai a madadin tsibirin, ita za a kama in ya saɓa. London ta nuna a fili cewa in Tynwald ba ta gyara dokokinta ba, za a gyara mata daga waje. Walker ya san zuciyar masu zaɓensa, ya kuma san abin da ya faru a 1967. Zaɓin da ke gabansa biyu ne, kowanne da ɗacinsa: ko majalisa ta yi abin da yawancin jama'arta ba sa so da hannunta, ko ta ƙi a yi mata dole, duniya ta ga cewa mulkin kan da aka yi shekara talatin ana ginawa na takarda ne. In kuwa London ta saba yi wa tsibirin doka a kan wannan, me zai hana ta yi masa a kan haraji gobe? Ya zaɓi na farko. Bayan muhawara mai zafi wadda ta raba abokai, aka sauya dokar tarayyar maza a 1992, aka soke hukuncin kisa a kan kisan kai da na bulala a 1993. Masu suka suka ce ya durƙusa wa baƙi. Magoya bayansa suka ce ya ba da abin da za a ƙwace ko ya ƙi, domin ya tsare abin da za a iya tsarewa. Magana ta biyu ta fi kusa da gaskiya, ko da yake ba ta share cewa an yi wa jama'a abin da ba su nema ba.

Wani abu da aka yi a zamaninsa ba da hayaniya ba shi ne shigar da harshen Man makarantun gwamnati a 1992. Mutum na ƙarshe da ya tashi da harshen a bakinsa tun yana jariri, wani masunci mai suna Ned Maddrell daga yankin Rushen, ya rasu a 1974, har aka riƙa lissafa harshen cikin matattu. Yaran da suka rubuta suna domin koyonsa sun fi yadda aka zata yawa. A 2001 aka buɗe makarantar firamare da ake koyar da kowane darasi da shi, wadda ta zauna a St John's, daura da tudun shelar dokoki. Kuɗin bankunan da masu kishin ƙasa ke zagi suna cikin abin da ya biya malaman.

A ƙarshen 1996 Walker ya sauka bayan shekara goma, Donald Gelling ya gaje shi. Sarauniya ta ba shi lambar Sir a 1997. Bai bar majalisa nan take ba. Ya koma kujerar wakilin Rushen kamar kowa har zuwa 2001. Cikin waɗanda suka biyo shi, Gelling, da Richard Corkill, da Tony Brown, da Allan Bell, da Howard Quayle, babu wanda ya kai shekara goma a kujerar. A 2021 ta faɗa hannun Alfred Cannan, ɗan ma'ajinsa na farko.

Abubuwan da suka biyo bayan saukarsa sun nuna cewa igiyar nan ta 1967 ba ta tsinke ba, tsawo kawai ta ƙara. A farkon 1998 gwamnatin Tony Blair ta sanar da binciken harkar kuɗi ta Man da Jersey da Guernsey ba tare da ta shawarci tsibiran ba tukuna. A Oktoba 2008 reshen bankin Kaupthing na ƙasar Aislan ya rushe a Douglas, asusun 1991 ya sake shan jarrabawa mai tsanani, har sai da baitulmali ya sa hannu. A 2009 da 2011 kuma London ta sake lissafin rabon harajin kayan masarufi da take yi da tsibirin a ƙarƙashin yarjejeniyar kwastan ta 1979, abin da ya zaftare wa gwamnatin Man wajen fam miliyan 200 a shekara. Ministocin da Walker ya ƙirƙiro su ne suka tsaya gaban jama'a suka yi bayanin inda za a rage.

Shi kuwa Phil Gawne, da ya fito daga kurkuku sai ya ba da ƙarfinsa ga raya harshen Man da kafa makarantun yara masu koyo da shi. A 2003, shekara biyu bayan Walker ya bar majalisa, mutanen Rushen suka zaɓe shi wakilinsu a zaɓen cike gurbi. A 2005 Donald Gelling ya naɗa shi Ministan Aikin Gona, Kamun Kifi da Gandun Daji, ɗaya daga cikin ma'aikatu 9 da aka kafa a farkon mulkin Walker.